Allon Maciji da Tsani a Ajin Firamare: Yana Koyar da Tawali'u Kuwa?

Duk wanda ya taɓa sayen allon ludo na kwali, irin wanda ake ninkewa biyu, ya san cewa a bayansa akwai wani wasan na daban mai gidaje 100, da macizai masu launi-launi da suka miƙe daga sama zuwa ƙasa, da tsanuka da ke haɗa wasu gidajen da na samansu. Ana samun wannan allo a shagunan littattafai da wurin masu sayar da kayan wasan yara, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Yawancin masu saye ludon suke so, suna ɗaukar maciji da tsani a matsayin gyara kawai. Ni kuwa a matsayina na malamin firamare bayan allon ne ya fi jan hankalina, domin an ƙirƙiri wannan wasa tun asali ne don tarbiyya, kuma girman kai yana cikin manyan munanan halayen da aka yi shi don tsoratar da mutane daga gare su. Tambayar da wannan sharhi yake son amsawa ita ce ko allon da ake sayarwa a kasuwa a yau zai iya yin wannan aikin a cikin aji. Ra'ayina shi ne rabin kayan aiki ake sayar mana, ragowar rabin kuma sai malami da ɗalibansa sun haɗa da hannunsu.

Abin da ke cikin leda ko kwalin bai da yawa: allon kansa, da ƙwayar dayis mai fuska shida, da 'ya'yan ludo 16 masu launin ja da kore da shuɗi da ruwan ɗorawa, wani lokaci har da ɗan kofin girgizawa. Ƙa'idar wasan mai sauƙi ce. Kowane yaro yana ɗaukar ɗa guda, ya jefa dayis, ya matsa gwargwadon abin da ya fito masa. Wanda ya sauka a gindin tsani ya haye zuwa ƙarshensa, wanda ya sauka a kan maciji ya sulmiyo zuwa wutsiyarsa, wanda ya riga isa gida na 100 shi ya ci. Ta fuskar inganci kuwa, allunan masu araha ba su da abin yabo sosai. Kwalin ba shi da kauri, yana saurin tsagewa a wurin ninkin, kuma da zarar damshi ya taɓa shi sai takardar saman ta fara ɗagowa. A wasu allunan bugun ya karkace har kan maciji ya faɗa tsakanin gidaje biyu, abin da ke haddasa gardamar da ba ta ƙarewa a tsakanin yara. Ba kasafai ake samun takardar bayani a ciki ba, balle a yi maganar ta Hausa. 'Ya'yan da dayis ɗin ƙanana ne da yaro ɗan ƙasa da shekara uku zai iya haɗiyewa, don haka ba kayan ajin rainon yara ba ne.

Sanin asalin wasan yana da amfani ga malami, domin shi ne zai nuna masa abin da aka cire daga ciki. A ƙasar Indiya aka ƙirƙiro shi, inda ake kiransa Gyan Chaupar ko Moksha Patam, kuma mafi yawan tsofaffin allunan da ke gidajen tarihi a yau na ƙarni na 18 da na 19 ne, an zana su a kan ƙyalle ko takarda. Mabiya addinin Jain sun fi yin mai gidaje 84, mabiya addinin Hindu kuma mai gidaje 72, kuma sau da yawa da 'ya'yan wuri ake buga shi a madadin dayis. Kowane gida yana da suna, tsanuka suna tashi daga kyawawan halaye, macizai kuma suna jira a gidajen munanan halaye. A wani tsarin mai gidaje 100 da ake yawan ambata, kyauta tana gida na 57, ilimi yana na 76, yayin da sata take na 52, ƙarya na 58, fushi na 84, haɗama na 92, girman kai kuma yana gida na 95. Wanda ya tsara wannan ya san halin ɗan Adam, domin bai ajiye girman kai a farkon hanya ba, inda mutum bai mallaki abin da zai yi tutiya da shi ba tukuna. Ya ajiye shi inda saura taku biyar a kai ga nasara. Macizan kuma sun fi tsanukan yawa, don a nuna cewa hanyoyin faɗuwa sun fi na hawa yalwa. Musulmin Indiya ma sun yi nasu salon, wanda sufaye suka tsara da gidaje 100 masu sunayen matakan tarbiyyar zuciya cikin Farisanci da Larabci, kuma an san irinsa da sunan Shatranj al-Urafa har a ƙasar Turkiyya.

Turawan mulkin mallaka ne suka kai wasan Ingila, inda aka fara sayar da shi a 1892. Masu buga shi a can sun sauya sunayen gidajen zuwa halayen da suke so yaransu su koya, irin su tattali da ƙwazo da tuba, suka kuma daidaita yawan macizai da na tsanuka. A 1943 kamfanin Milton Bradley na Amurka ya fitar da nasa mai suna Chutes and Ladders, ya cire macizan ya sa wurin sulu irin na filin wasan yara, ya maye gurbin rubutu da hotuna. A wannan allon yaron da ya hau neman kayan zaƙi a saman kanta yana faɗowa daga gida na 87 zuwa na 24, wanda ya ceto kyanwa daga kan bishiya kuma yana hawa daga na 28 zuwa na 84. Kafin wasan ya iso kasuwanninmu a bayan allon ludo, har waɗannan hotunan ma sun ɓace. Abin da ya rage lambobi ne da macizai da tsanuka, ba dalilin hawa, ba dalilin faɗuwa.

Duk da haka ba zan ce allon ya zama hoto ba, domin akwai abu guda da ba a iya cire masa ba, kuma shi ne mafi amfani a wajen koyar da ƙanƙan da kai. Wasan ba ya buƙatar dabara ko kaɗan. Babu wani zaɓi da ɗan wasa yake yi tun daga farko har ƙarshe, don haka babu wanda ya fi wani iyawa. A makarantunmu, inda ake rubuta wa yaro matsayinsa a katin sakamako kowane zango, kuma kowa a aji ya san wanda ya zo na ɗaya da wanda ya zo na ƙarshe, ba ƙaramin abu ba ne a sami fage guda da waɗannan biyun za su zauna a kai ba tare da ɗayansu yana da fifiko ba. Yaron da ya saba ɗaga hannu kafin malam ya gama tambaya, da monita da ya saba rubuta sunan masu surutu, da ɗan mai kuɗin da ake kawowa a mota, dukansu maciji ɗaya ke haɗiye su. Na lura cewa yaran da suka saba cin komai su ne suka fi shan wahalar wannan wasa a farko. Wani zai ce an yi masa maguɗi, wani ya ce a sake jefawa domin dayis ya taɓa hannun wani, wani kuma ya watsar da 'ya'yan ya tashi. A nan ne darasin yake, kuma ba a rubuce yake a kan allon ba. Malamin da ya zuba ido zai gane cikin ɗan lokaci waɗanne ɗalibai ne ba su taɓa koyon yadda ake shan kaye ba, da waɗanda idan sun hau tsani sai sun waiga sun yi wa na ƙasa gwalo. Allon yana fito da halin fili, gyaran halin kuma aikin malami ne.

Sai dai akwai hatsari a nan da ya kamata a faɗa ƙarara. Tawali'u daban, wulaƙanci daban, kuma wannan wasa yana iya haifar da na biyun idan aka bar yara su kaɗai. Idan yaro ya kai gida na tamanin da wani abu, maciji ya dawo da shi ƙasa, sauran suka kwashe da dariya suna tafi, to bai koyi ƙanƙan da kai ba, ya koyi dai cewa faɗuwa abin kunya ce, sauran kuma sun koyi raini. Hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud ya fayyace girman kai da cewa shi ne ƙin gaskiya da raina mutane, kuma a cikin wannan wasa masu dariyar ne suka fi kusa da wannan siffa, ba wanda ya faɗo ba. Binciken da Eddie Brummelman da abokan aikinsa suka wallafa a 2015, wanda suka bi diddigin yara 565 a ƙasar Holan, ya nuna cewa yaran da iyayensu ke ɗaukarsu a matsayin waɗanda suka fi sauran yara daraja sun fi tasowa da ji-ji-da-kai, yayin da waɗanda ake nuna wa ƙauna da kulawa suka fi tasowa da natsuwa da darajar kansu. Abin da na fahimta daga wannan shi ne maganin girman kan yaro ba a karya masa zuciya yake ba, a raba shi da tunanin cewa ya fi kowa yake. Saboda haka ƙa'idar farko da nake gindayawa kafin a buɗe allo ita ce ba a yi wa wanda ya faɗo dariya, kuma wanda ya ci shi ne zai tattara kaya ya share wurin.

Akwai wata matsala ta biyu da ta shafi hankalin wasan kansa, wadda ke bayyana da zarar malami ya yi ƙoƙarin mayar da sunayen halaye a kan gidajen. Idan aka rubuta girman kai a gida na 95, yaron da ya sauka a wurin bai yi girman kai ba, dayis ne ya kai shi. Babban mutum yana iya ɗaukar wannan a matsayin misali, amma ɗan aji biyu ba ya rarrabewa. Ko dai ya ji an zalunce shi, ko kuma abokansa su liƙa masa sunan, a tashi daga makaranta ana kiransa mai girman kai. Sau da yawa ma akasin abin da ake so ne ke faruwa, yaro mai ladabi ya faɗa gidan raini, fitinannen aji kuma ya haye tsanin biyayya yana murna. Hanyar da na ga ta fi dacewa ita ce a raba ɗan wasa da halin, a ce ɗan da ke tafiya a kan allon wani matafiyi ne da aka sa wa suna, labarinsa ake bi. Idan ya faɗo, sai a tambayi wanda ke riƙe da shi me matafiyin ya yi, kuma me ya kamata ya yi. Ta haka yaron ya zama mai ba da shawara, ba wanda ake tuhuma ba.

Ba zai yiwu a yi sharhin wannan kaya ga malaman Islamiyya da iyaye Musulmi a tsallake maganar dayis ba. A cikin Muwaɗɗa Malik an ruwaito daga Abu Musa al-Ash'ari cewa wanda ya yi wasa da nardu, wato wani wasan allo da ake jefa dayis a cikinsa, ya saɓa wa Allah da ManzonSa, akwai kuma wani hadisin mai tsanani a kan haka a cikin Sahihu Muslim. Malamai da dama sun sanya ludo da duk wasan da ake jefa dayis a ƙarƙashin wannan hani ko da ba a sa kuɗi ba, wasu kuma sun duba dalilin hanin suka ce dogaro ne da sa'a tsantsa. Ba hurumin wannan sharhi ba ne ya yanke hukunci, amma malamin da ya shigo da allon aji ba tare da ya tuntuɓi hukumar makaranta da malaman addini na wurin ba, yana iya tayar da ƙurar da za ta binne darasin gaba ɗaya. Kuma ko da an ajiye batun hukunci, ba kowane uba ne zai ji daɗi ba idan ɗansa ya dawo gida ya ce yau ludo suka buga a makaranta.

Waɗannan matsaloli su ne suka sa nake ganin amfanin allon kasuwa mafi girma shi ne ya zama samfurin da yara za su kalla su yi nasu. Aikin hannun ya fi wasan kansa albarka. Kayan da ake buƙata duk suna kusa: babban kwali irin na taliya ko na sabulu da aka buɗe aka shimfiɗa, da rula, da maka, da fensir mai launi, da murafen kwalba a madadin 'ya'ya. A raba ajin rukuni-rukuni, kowane rukuni ya ja layukansa ya rubuta lambobinsa. Sannan a zo ga ɓangaren da ya fi muhimmanci, wato yaran da kansu su kawo abin da za a rubuta a gindin kowane tsani da kan kowane maciji. Kada malami ya yarda da kalmomi irin su ladabi ko tawali'u tsurarsu, domin yaro yana iya haddace su bai san me suke nufi ba. A nemi aikin da ido ke gani. Yara suna kawo abubuwan da babba ba zai tuna ba: ya gaida maigadin makaranta, ta ce ban gane ba a sake min bayani, ya ba da haƙuri ga wanda bai kai shi shekaru ba, ta ci abinci tare da wadda ba ta zo da kuɗin tara ba. A ɓangaren macizai kuma za ka ji an ce ya ƙi zama benci ɗaya da mai yagaggen yunifom, ta yi dariya da wata ta yi kuskuren karatu, ya ce ba zai yi shara ba domin a gidansu akwai masu aiki. Muhawarar da ake yi a kan wane hali ne ya cancanci maciji mafi tsawo ta fi duk wani jawabi da malami zai tsaya ya yi a gaban allo. A jikin babban macijin ana iya rubuta karin maganar da kowane yaro ya taɓa ji a gida, girman kai rawanin tsiya, a makarantar Islamiyya kuma a haɗa da aya ta 18 ta Suratu Luƙman, a ajin da ke da yara Kiristoci a haɗa da Luka 14:11.

A madadin dayis ana iya yin katuna, amma a nan sai an yi hattara. Idan aka ce sai wanda ya amsa tambayar lissafi ko ta Turanci zai matsa, to an mayar da wasan jarrabawa, mai ƙoƙarin aji zai sake cinyewa, kuma an rasa daidaiton da shi ne ginshiƙin amfanin wasan. Katunan da na ga sun fi aiki su ne masu neman abin da kowane yaro zai iya yi amma yake yi wa mai ji da kai nauyi. Wani katin ya ce faɗi abu guda da na kusa da kai ya fi ka iyawa ka matsa gida uku, wani ya ce faɗi wanda ya taɓa koya maka wani abu a ajin nan ka matsa gida huɗu, wani kuma ya ce nemi taimakon wanda ke bayan kowa ku amsa tare, ku matsa tare. Wata ƙa'ida da ke sauya yanayin wasan ita ce wanda ya hau tsani yana da damar ya ja wanda ke can baya su hau tare, kuma rukuni bai gama ba sai kowa ya iso. A makarantar da ba ta da kwali ma ana iya zana gidajen a ƙasa da toka a filin makaranta, yaran su zama su ne 'ya'yan.

Sai batun lokaci da yawan ɗalibai, wanda shi ne yake kashe yawancin wasannin aji. An ƙididdige cewa a allon Chutes and Ladders mai gidaje 100 ɗan wasa guda yana buƙatar kimanin jifa 39 a matsakaici kafin ya kai ƙarshe, ko da yake mai sa'a yana iya gamawa da jifa 7. Allunan kasuwa sun bambanta da shi wajen tsarin macizai, amma tsawon wasan bai yi nisa da haka ba, kuma idan aka bi ƙa'idar cewa sai an sami adadin da ya dace daidai kafin a shiga gida na 100, wasan yana ƙara jan lokaci. Darasi guda ba zai ishi yara huɗu su gama wasa sannan a zauna a tattauna ba, alhali tattaunawar ita ce manufar. Allo mai gidaje 36 ko 50 ya fi dacewa, kuma wannan ma dalili ne na yin na gida. Haka nan allo ɗaya yara huɗu yake ɗauka cikin natsuwa. Ko a ajin da ya bi ƙa'idar manufar ilimi ta Najeriya ta ɗalibai 35 ga malami guda ana buƙatar alluna tara, kuma kowa ya san azuzuwa da yawa a makarantun gwamnati sun zarce wannan adadi nesa ba kusa ba. A irin wannan aji allo guda babba a jikin bango, da rukuni huɗu ko biyar suna fafatawa, ya fi alluna goma da malami ba zai iya sa wa ido ba.

Akwai ribar gefe da ta cancanci ambato. Binciken da Geetha Ramani da Robert Siegler suka wallafa a 2008 a Amurka ya nuna cewa yara 'yan gidajen masu ƙaramin ƙarfi da suka buga wasan allo mai lambobi 1 zuwa 10 a jere sun sami ci gaba a ƙirga da gane lambobi da sanin wadda ta fi girma. Sharaɗin shi ne yaro ya riƙa faɗin lambar gidan da yake takawa, wato idan yana gida na 6 ya sami biyu ya ce bakwai, takwas, maimakon ɗaya, biyu. Allon maciji da tsani yana ba da wannan dama, sai dai jerin lambobinsa yana juyawa a kowane layi, na farko daga hagu zuwa dama, na biyu daga dama zuwa hagu, kuma ƙananan yara suna yawan komawa baya ba su sani ba. Zana 'yar kibiya a ƙarshen kowane layi yana magance wannan.

Ga mai niyyar saye, akwai nau'in roba mai maganaɗisu da ake yi don matafiya, wanda 'ya'yansa ba sa zamewa amma ya yi ƙanƙanta da yawa ga aji, kuma ba a iya rubutu a gidajensa. Akwai na katako mai gilashi, wanda ya fi ƙarko amma galibi ludo kaɗai ne a jikinsa, gilashin kuma ba abin kai wa cikin yara ba ne. Na kwalin, duk da rauninsa, shi ne ya fi dacewa da wannan aiki, domin ana iya liƙa 'yan takardu a kan gidajensa a rubuta abin da ake so. A buɗe shi a gaban mai shago a tabbatar kan kowane maciji da gindin kowane tsani suna tsakiyar gidansu, a duba lambobin ba a tsallake ko maimaita wata ba, sannan a bi wurin ninkin da salatif tun kafin ya fara tsagewa. Guda ɗaya ya ishi makaranta a matsayin samfuri, kuma ya fi dacewa da 'yan aji biyu zuwa aji huɗu, domin waɗanda suka haura haka suna saurin gane cewa babu dabara a ciki su gaji da shi, sai dai a ba su aikin zana wa ƙannensu sabbin alluna da rubuta musu katuna.